Gyaran fentin jirgin Baba, tun daga Janairu

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau dai Allah ya yi mun fito da jirgin Baba tudu. Mu bakwai muka ja shi, ni da ƙannena biyu da yaran unguwa huɗu, muka jera guntayen itace a ƙasa muna mirgina shi a kai har gindin mangwaron bayan gidan Baffa, sannan muka kife shi a kan tsofaffin tayoyin mota. Injin tun jiya na kwance na kai ɗaki. Jirgin ba wani babba bane, ƙafa 22 ne, katakon maɗaci, mutum shida yake ɗauka da ɗan kaya, da shi Baba (Allah ya jiƙansa) ya yi shekaru yana tsallaka mutane kogin Kwara daga Zamare zuwa Rofiya, yanzu kuma ƙanina ke ɗan fita da shi kamun kifi.

Da muka kife shi na ga abin da ruwa yake ɓoye mana. Gefen dama akwai wani dogon karce ya kai kamu uku, ya ci fenti ya shiga katako, wannan aikin kututture ne, ƙanina yace a watan Yuni ya hau shi lokacin da ruwa ya ja baya. Duk mai tuƙi a nan Yawuri ya san kututturan nan, itatuwan da ruwa ya cinye ne tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, suna nan tsaye a ƙasa har gobe. Goshin jirgin ya ƙuje sai farin katako saboda kullum a kan tsakuwa ake tsayar da shi, bakinsa kuma inda taru da igiya suke gogawa babu sauran jan fenti, bulun jikin ya koɗe idan ka shafa hannu sai ya fito maka da gari kamar alli. Ga tsatsar ƙusa ta zubo layi-layi.

Na ware dubu 60. A lissafina sati biyu na gama. Shayi da ƙosan yara 2,000.

Lahadi, 5 ga Janairu

Wanki. Omo da burushin wanki da bokiti wajen ashirin, gansakuka da laka sun kama ƙasan kamar da gam aka manna. Kuɗin omo da burushi 1,000.

Baffa ya zo da kujerarsa ya zauna yana kallo, nace masa zan bar shi ya bushe sosai kafin in sa masa komai don fenti ba ya kama jiƙaƙƙen katako, in ka shafa daga baya sai ya yi bororo. Yace, “Gaskiyarka ɗana, amma jirgi ba shi son tudu. Ka bari ya daɗe nan cikin wanga hunturu sai ka hangi rana ta cikinai.” Nufinsa katakan za su tsuke haɗin ya buɗe. Toh ni ina so ya bushe shi jirgin yana so ya jiƙe, sai muka raba gardama, muka lulluɓe shi da zana da tsofaffin tabarmi don kada iska ta dinga dukansa kai tsaye.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na leƙa da la'asar, yana bushewa. Kaji sun mai da ƙarƙashinsa gida.

Asabar, 11 ga Janairu

Sayayya a kasuwa. Galan ɗin fentin mai bulu lita 4, 21,000. Fari lita ɗaya 6,500, ja ma 6,500. Andakot, wato fentin da ake fara shafawa kafin na sama, galan ɗaya 16,000. Tina ta tsinka fenti 3,500. Bodi fila irin ta masu gyaran jikin mota 5,000. Sanfefa guda 12, lamba 80 mai kaushi da 120 da 220 mai laushi, 4,800. Burushi biyu 2,700, tef ɗin takarda biyu 2,000. Duka 68,000, ka ga tun ban ɗiga ko ɗigon fenti ba na wuce abin da na ware da dubu takwas, in ka haɗa da na baya 71,000 kenan.

Mai shagon ya so ya tura min fentin ruwa na bango wai ya fi araha, nace masa jirgi ne fa ba ɗakin amarya ba. Ainihin fentin jirgi na gaske ba a samunsa a nan sai an yi saƙo, kuɗinsa kuma ba na irinmu bane, don haka fentin mai a sama, kwalta a ƙasa inda ruwa ke zama, yadda kowa yake yi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na fara kankara. Na ɗauko sanfefa 80 ina ta gurza, minti goma ta toshe da garin fenti ta zama sumul, Baffa ya gaji da kallona ya sa aka kawo masa fasasshiyar kwalba ya zaɓi ɓangare mai lanƙwasa ya riƙe da tsumma ya ja sau ɗaya, fentin ya taso kamar ɓawon rogo. Tun daga nan da kwalba nake kankare duk inda ya ɗaga, sanfefa sai wajen daidaita baki, wato inda tsohon fenti mai ƙarfi ya haɗu da katako sai ka goge gefen ya kwanta a hankali har in ka rufe ido ka shafa yatsa ba za ka ji tudu ba. In ba ka yi haka ba ko shafi nawa ka yi shatin wurin zai fito.

Ba duka zan kankare ba, inda fentin ya kama da kyau goge shi kawai zan yi da 120 don sabon ya samu abin riƙewa.

Abin da ya tsayar da ni yau, ƙarƙashin bulun akwai kore, ƙarƙashin koren akwai ruwan ɗorawa. Koren na tuna shi, ina firamare jirgin kore ne. Ruwan ɗorawar kam ban taɓa ganinsa ba, Baffa yace da shi aka sayo jirgin.

Laraba, 15 ga Janairu

Kankara da gogewa bayan la'asar, gefen hagu ya kusa. Na koma yayyafa ruwa kaɗan kafin in goge kuma ina ɗaura takunkumi, don shekaranjiya da na fyace majina bulu ce ta fito, kuma tsofaffin fentin mai wasunsu da dalma a ciki, mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata a gaya mana sau biyu ba, duk da can daga dutsen zinariya ne. Na kori yaran da ke zuwa wasa da garin, na share na binne.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau ran bai min daɗi ba. Ina bin kan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya ina goge tsatsa, duk inda ƙusa take katakon ya yi baƙi zagaye kamar kwabo, yawanci dai baƙin a sama ya tsaya in ka danna da sukundireba za ka ji ƙarfi. Da na zo goshi ta gefen dama ƙasa kaɗan da inda ya ƙuje, na danna kawai sai naji ƙarfen ya shige kamar cikin dafaffen dankali. Na ƙwaƙule, katakon ya fito ɓurɓushi-ɓurɓushi yana warin rima, faɗin wurin ya kai tafin hannu. Daga waje fa fentin wurin lafiyarsa ƙalau, shi ya rufe ruɓar. Ruwa ta wurin ƙujewar yake shiga ya bi cikin katakon ya kwanta a bayan fenti ba hanyar fita.

Na kira ƙanina na nuna masa, yace ai ya daɗe yana ganin ruwa na taruwa a gaba yana kwarfewa, ya ɗauka fantsama ce. Ban ce masa komai ba don in na buɗe baki faɗa za mu yi. Mutum shida fa yake ɗauka a cikin abin nan.

Wannan ya fi ƙarfina, sai kafintan jirgi.

Talata, 21 ga Janairu

Kafinta ya zo. Ya yanke wurin da kurfi har ya kai katako mai rai, ya sassaƙa guntun maɗaci daidai ramin da bakinsa a karkace yadda ruwa in ya danno zai ƙara matse shi ne, ya sa wani guntun ta ciki ya haɗa su da ƙusa. Awa uku. Ya ƙwanƙwasa sauran jikin da guduma yana saurare yace babu wani wurin. Ya kuma dunƙufar min da kan ƙusoshin da suka fito. Da katako da ƙusa da aikinsa 9,000, jimla 80,000.

Kafin ya tafi ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi ya kira ni, haɗin katakai biyu na ƙasa ya fara buɗewa, siririn haske na shigowa. Baffa bai ce komai ba, goro kawai ya ɓara.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na cike dogon karcen da ramukan ƙusa da bodi fila. Tana da daɗin aiki, ka kwaɓa da ɗan jan maganinta ka shafa, kafin minti ashirin ta daskare, sanfefa na cinta kamar sabulu. Da na gama wurin ya yi sumul har hoto na ɗauka na tura wa abokai.

Lahadi, 26 ga Janairu

Hoton da na tura dai da ban tura ba. Yau muka ɗaga jirgin mu huɗu don mu gyara zaman tayoyin, yana motsawa naji ƙas, na duba sai ga filar dogon karcen ta tsage ta gefe tun daga farko har ƙarshe, na sa farce ta ɓanɓaro guda, doguwa kamar sandar alewa. Na ramukan ƙusa ma rabinsu sun yi zobe.

Na je wurin wani abokina mai gyaran jikin mota da guntun a hannu, ya yi dariya yace ita fila ƙarfe ta sani, ƙarfe ba ya kumbura ba ya tsukewa, shi kuma katako kullum cikin motsi yake, ga jirgi yana lanƙwasa duk sanda aka ɗaga shi ko igiyar ruwa ta doke shi, kuma ko da ta zauna yanzu tana shan ruwa, wata biyu a kogi za ta faɗo. Yace gara da ta faɗo a tudu. Na yarda da shi amma dubu biyar ɗina da yinin Alhamis sun tafi.

Na ƙwaƙule duka. Wanda ya ƙi fita da sauƙi shi ya fi ban haushi, don ba ka yarda da shi ba kuma sai ka yi da gaske kafin ya fita.

Talata, 28 ga Janairu

Na koma gam ɗin nan mai bututu biyu da ake haɗawa, afoksi, wanda masu kayan mashin ke sayarwa. Guda 9 a kan 1,500, 13,500, jimla ta kai 93,500. Na karɓo garin katako wurin kafinta na tankaɗe da rariyar gida (uwargida ba ta sani ba tukuna). Yadda na yi, na fara shafa gam ɗin zalla a cikin karcen ya jiƙa katakon, sannan na kwaɓa sauran da garin har ya yi kauri kamar tuwon da bai gama nuna ba na danna da guntun roba. Matsalar irin wanda na samu mai saurin kamawa ne, minti biyar ya fara ɗumi ya sandare, bututun farko rabinsa a kan tayil ɗin da nake kwaɓawa ya mutu. Sai na koma kwaɓa ɗan kaɗan-kaɗan, kamar cokali ɗaya, ina tafiya taƙi-taƙi. Duk mai son yi ya nemi mai jinkirin kamawa in zai samu, ya fi shiga katako ma.

Gogewarsa kuma wahala, ba kamar fila ba, ya fi katakon da ke gefensa tauri, in ba ka naɗe sanfefar a kan guntun katako mai faɗi ba sai ka cinye gefen ka bar shi tsaye a tsakiya.

Juma'a, 31 ga Janairu

Gogewa da 120. Yatsuna sun yi laushi har wayata ta daina gane zanen babban yatsana.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Andakot. Na fara ɗiɗɗiga wa wuraren da katako ke tsirara su kaɗai, na ɗan tsinka shi don ya shiga, gobe in bi duka jikin. Na gane cewa a hunturun nan lokacin fenti daga fitowar rana ne zuwa wajen ƙarfe tara da rabi, da hantsi ya ɗaga iska ta taso da ƙura shikenan. Na yayyafa ruwa a ƙasa zagaye da jirgin kafin in buɗe gwangwani.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na shafa andakot duka jiki ya yi fari tas na tafi karyawa, na dawo na tarar da shi kamar an barbaɗa masa gero. Furen mangwaro. Ni da na zaɓi gindin bishiyar don inuwa ban tuna cewa yanzu ne take fure ba, iska kaɗan ta kaɗa sai su zubo, ga ƙananan ƙwarin da ke bin furen su ma sun manne da ƙafafunsu a sama. Na kai hannu zan tsince Baffa ya daka min tsawa yace in bari ya bushe, in na taɓa yanzu rami zan yi. Haka aka yi, da ya bushe 220 ta share su ba wahala.

Mun kafa sanduna huɗu mun ɗaura tsohuwar tamfol a sama. Da tun ranar farko na yi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Bulu shafi na farko, bayan asuba, na bar wa yaron shago buɗewa. Kai tsaye daga gwangwani ban tsinka ba. Ya yi kyau ƙwarai wallahi, mutane na wucewa hanyar bakin ruwa suna tsayawa. Na zagaye rubutun Baba da ke gefen jirgin da tef ban taɓa shi ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ban ma san ta inda zan fara ba. Da safe na taɓa fentin jiya naji ya bushe a hannu, nace bari in yi na biyu in huta. Fentin ya ɗan yi kauri a gwangwani saboda sanyi, burushi na ja, sai na tuna da tinar da na sayo ban taɓa buɗewa ba (andakot da ɗan kananzirin gida na tsinka shi), na zuba na juya, warinta ma daban ne, mai hawa kai. Na fara daga baya gefen hagu ina tafiya gaba, na yi kamar rabin jirgi na waiwayo don in ga yadda yake sheƙi, sai naga inda na fara ya tattare. Ina tsaye ina kallo yana bin bayana, fentin yana yamutsewa yana tashi kamar fatar saman madara da aka tafasa, wani wurin har andakot ɗin ya ɗago. Na ajiye burushin na zauna a kan taya.

Abokina mai gyaran mota ya zo da rana ya shinshina galan ɗin yace wannan tinar fentin feshi ce ta mota, tana da zafi, in ta hau fentin mai wanda bai gama ƙwari ba narkar da shi take ta ƙasa, saman ya rasa wurin zama ya tattare. Kuma ko ba tina, yace bushewar da naji a hannu ta sama ce kawai, cikin bai nuna ba, da sanyin safiyar nan gara a ba shi kwana biyu. Mai shagon da nace wa fentin mai zan tsinka ya miƙo min wannan, ban sani ba ko rashin sani ne ko ita ce kawai gare shi, ni ma dai da laifina tunda ban karanta jikin galan ɗin ba kuma ban gwada a ɗan lungu ba.

Ba a taɓa shi yanzu, danƙo ne. Sai ya yi kwana uku.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Kankare rabin gefen hagu har ƙasa, da kwalba, yana fita kamar cingam. Ƙarin bulu lita biyu 12,000, kananzir lita biyu 3,000, sanfefa biyar 2,000. Jimla 110,500. Uwargida ta ga rariyarta.

Talata, 11 ga Fabrairu

Andakot a wurin da na kankare.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Jiya bulu ya koma gefen hagu, yau na bi gefen dama da shafi na biyu bayan na ɗan goge shi da 220 na share da tsumma mai ɗan kananzir. Cokali kaɗan na kananzir a cikin fentin ya isa, ya kwanta lafiya.

Sai dai wata kuma ta ɓullo a ƙasa. Ni na so in sauko da bulun ya rufe saman tsohuwar kwalta kamar yatsa huɗu don layin ya miƙe, tun ranar Baffa yace min “wanga hwenti naka ba shi zama bisa kwalta”, nace ai na sa andakot a tsakani. Toh yau duk tsawon wurin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar an zuba shayi, kwaltar ta narke ta huda andakot da bulu ta fito, kuma wurin ya ƙi bushewa. Ko sau goma ka shafa haka za ta dinga fitowa. Na haƙura, zan ja layi da zare a saman inda ya ɓaci in kai sabuwar kwalta har can, bulun ya rage faɗi da yatsa huɗu, ba wanda zai sani sai ni da Baffa, shi kuma na san sai ya gaya wa duk majalisarsu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Shafi na biyu a hagu da safe, sannan jan baki. Da yamma na zo cire tef ɗin da na zagaye rubutu da shi.

Rubutun nan shi ne abin da tun farko nace ba za a taɓa ba. RABO NA ALLAH, da farin fenti, gefen dama kusa da goshi, Baba ne ya sa aka rubuta kuma harafin N ɗin a juye yake tun asali, muna yara muna masa dariya yana cewa kifi ba ya karatu. Tef ɗin kwana 11 kenan a manne, rana ta gasa shi, ni kuma na finciko shi da sauri, sai ya taho da cikin harafin B gaba ɗaya da ƙafar R. Na tsaya da tef a hannu ga farin fentin Baba manne a jikinsa. Sauran na bi su a hankali ina jiƙa gam ɗin da kananzir ina ja a kwance, ba abin da ya ƙara tashi. Ashe tef ranar da ka yi fenti ranar ake cire shi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na kawo mai zanen allunan shaguna. Yana gani yace a shafe duka ya rubuta sabo mai inuwa da ado, har da gyara N. Nace a'a, B da ƙafar R kawai, kuma ya bi shatin da ya rage. Ya ɗan ɓata rai amma ya yi, ya ɗiga ɗan ruwan ɗorawa a cikin farin don kada ya fi tsohon haske, daga taku biyar ba ka bambancewa. 3,000. Jimla 113,500.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ranar kwalta, kuma yau Baffa ne oga ni ɗan aike. Sati bakwai cif jirgin na tudu, abin da ya faɗa ranar 5 ga Janairu ya tabbata, na shiga ƙarƙashi da rana na ƙirga wuri shida da haske ke shigowa, ɗaya har tsinken tsintsiya na wucewa. Ya sa aka yayyaga tsohon zanen auduga siri-siri, ya murɗa, yana tura shi cikin haɗin da dasasshen kurfi da guduma, a hankali, yace in ka cusa da ƙarfi yanzu da katakon ke tsuke, ranar da ya sha ruwa ya kumbura sai ya ture ƙusa. Wannan ban taɓa sani ba, da ni ne da na dake shi tam.

Kwaltar a rabin duro muka narka, nesa da jirgin da tamfol, da ta narke muka sauke daga wuta muka kai gefe tukuna aka zuba kananzir ana juyawa. Kada wanda ya kuskura ya zuba tana kan wuta. Aka bi haɗin da ita da zafinta, sannan duka ƙasan da tsumma ɗaure a sanda har layin zaren. Ɗigo ɗaya ya faɗo min a bayan hannu, na tsoma a ruwan sanyi na bar shi a wurin ban ɓanɓare ba, yanzu dai ya yi bororo.

A goshi mun shafa kwalta mun ɗora sillen kwano mun bi da ƙananan ƙusa, don tsakuwar bakin ruwa ta ci kwano maimakon katako. Kwalta 8,000, kananzir 1,500, kwano da ƙusa 4,000. Jimla 127,000.

Talata, 25 ga Fabrairu

Mun mai da shi ruwa. Ja bai yi nisa ba don har yanzu baƙin ruwa bai janye ba, wannan da ke isowa da rani daga can Gini ya ratso Mali da Nijar, bakin kogin na kusa. Yara 2,000, jimla 129,000, ninki biyu da ɗoriya na abin da na ware.

Yana shiga ya fara yoyo ta wuri uku, cikina ya ɗuri ruwa, Baffa yace in bar shi ya sha. Muka ɗaure shi a inda ruwa bai wuce gwiwa ba muka bar ruwan a ciki ba kwarfewa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Da safe muka kwarfe tas muka zauna muna kallo, wuri biyu sun rufe kansu, na ukun a baya kusa da mazaunin inji yana ɗan tsattsafowa, cikin awa ɗaya bai cika gwangwanin madara ba, Baffa yace a ƙara masa kwana biyu in bai daina ba a tura masa tsumma ta ciki. Facin kafinta a bushe yake ƙaf.

Na ɗaura inji muka ɗan zaga ni da ƙanina. Wurin dawowa ya shigo da shi kusa da wani jirgin ya goga, ga sabon karce ɗan yatsa ɗaya a kan bulun hagu, daidai inda na kankare sau biyu. Bai kai katako ba. Akwai ragowar bulu kamar rabin lita na juye a kwalba na toshe, zan ɗiga masa ran Asabar, kuma zan yanka tsohuwar taya in rataya guda biyu kowane gefe.

Cikin jirgin ban taɓa shi ba sam, da bencina biyu da suke girgiɗi, da filafili ɗaya da ya tsage. Gobe Juma'a za a duba wata, ba zan iya sanfefa da azumi a baki ba, sai bayan Sallah in Allah ya kai mu, shi ma a ruwa zan yi shi ba zan sake fito da shi tudu ba. Fari ya rage kusan duka, andakot kamar lita ɗaya. Tinar nan kuma abokina yace in kawo masa zai ba ni 2,000.